Tambari Ya Musanya Tushen Wuta

In ana zancen cika baki a birnin Sakkwato, a ajiye kowa gefe a fara da Tambari na Ƙofar Rini. Mutum ne wanda in an haƙa rijiya aka sami ruwa sai ya ce shi ya nuna wurin, in kuwa rijiyar ta rufta ya ce ai tun farko ya faɗa ba a ji ba. Ya taɓa dillancin jakuna, aka ba shi jaki ya kai kasuwa ya komo da igiya. Ya taɓa zama a maƙera, ya ƙone zugazugi. Har kiwon shanun wani mahauci ya yi, shanun suka riga shi gida da kwana guda. Kuma duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce aikin ne bai kai matsayinsa ba.

A lokacin Nasara sun yi shekara ashirin da ɗoriya da cin ƙasar, wayar tangaraho ta daɗe da isowa gari. Yayan matarsa, Jinaidu marini, shi ya cire kunya ya je ya roƙi akawun gidan waya, wanda yake rina wa tufafi, aka ɗauki Tambari aikin shara da ɗiban ruwa da goge kwalabe. Aka ba shi jar dara mai lamba a goshi. Ranar da ya shigo gida da ita a karkace, matarsa Bara'atu ta ajiye muciya ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam, ka ga wanga aiki? Shi na na ƙarshe. Na gaji da sunkuyar da kai bakin rijiya, mata na tambayata yau kuma mi mijinki ka yi. Rad da anka karɓe hulag ga daga kanka, rannan ni ko in naɗe tabarmata in koma gidan Yaya. Wallahi tallahi, ka ji na rantse."

Tambari ya yi dariya har da buga cinya. "Ke Bara'atu, Nasara su kore ni? Su kore ni wa ka riƙe musu waya?"

Alhali kuwa abin da yake riƙewa tsintsiya ce. A bayan gidan waya akwai wani ɗaki mai sanyi, an jera manyan kwalabe masu faɗin baki a kan katakai, sun fi talatin. Kowace kwalba da shuɗin ruwa a ciki, da guntun jan ƙarfe a ƙasa, da tutiya a sama, an ɗaure wannan da waccan da waya kamar ayarin raƙuma. Daga cikinsu wutar take fita, wuta ba hayaƙi ba toka, ta bi waya ta sa wani ɗan ƙarfe a teburin akawu ya riƙa ƙwanƙwasa zance daga garuruwa masu nisa. Aikin Tambari ya goge su, ya ƙara musu ruwa in sun tsotse. Amma in ka ji shi da yamma a tukubar Bawa mai tsire, sai ka rantse shi ya haifi wutar.

"Ni ka ba ta abinci," in ji shi. "In na yi hushi da ita, ko Gwamna ya yi magana daga Kaduna ba ta kai."

Bawa ya ce, "To ɗebo muna kaɗan mu gasa nama, itace ya yi wuya."

"Wagga wuta ba ta talakkawa ba ta."

Shi akawun mutumin Saliyo ne, sunansa Kol, Sakkwatawa suka mai da shi Akawu Koli. Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Yana shirin wata jarrabawa ta ƙarin girma, kullum in aiki ya lafa sai ya ɗauki allon dutse ya yi ta zane yana sharewa yana magana shi kaɗai. Rannan Tambari ya jingina tsintsiya ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Akawu, wanga wane irin hatimi na?"

"Ba hatimi ba, lissafi. Duba nan. Wannan tushe ne, kwalba mai tura wuta. Wannan a gabansa siririn waya ne an naɗe, yana riƙe wuta kada ya gudu da yawa."

"Linzami ke nan."

"To, linzami. Yanzu ni share tushe da linzami a gaba. Ni zana wani irin tushe, mai zuba wuta mudu ɗaya kullum, ba ƙari ba ragi, ni sa linzami a gefensa. Ƙararrawa da yana bakin waya bai sani an musanya ba. Abin da yana sha jiya, shi yana sha yau. In na musanya nan, na musanya can, sai ni haɗa su, tushe goma ya koma ɗaya. Aiki ya yi sauƙi."

Idon Tambari ya yi waje. "Goma su koma guda?"

"Ɗaya tak. Amma a kan allo ne kawai, don lissafi. Ba a zuwa ɗaki a taɓa..."

Ina! Wa ya tsaya jin ƙarshen? Tambari ya riga ya kai bakin ƙofa, yana gyara dara yana maimaitawa a ransa: tushe guda babba, linzami a gefe, na bakin waya bai san an musanya ba. Wato shekara da shekaru Nasara na wahalar da bayin Allah da goge kwalabe, ga hanya a fili ba su bi ba saboda ƙarancin basira. Kafin ya kai tukubar Bawa har ya naɗa wa kansa sarauta, Sarkin Waya, da rawani da maroƙi.

Ba a yi kwana nawa ba sai Allah ya kawo wani ruwa da iska, ya kayar da turakun waya a hanyar Gusau. Ɗan ƙarfen teburi ya yi tsit. Baturen waya, wanda mutane ke kira Dogon Wuya, ya hau doki da leburori, ya ce Akawu ya biyo shi. Akawu ya kira Tambari ya kama kunnen kansa ya ce, "Ka share, ka ƙara ruwa a kwalba, kada ka taɓa komi. Jumma'a muna komo."

Tambari ya ce, "Tahi abinka, Akawu. Ka bar gida hannun mai shi."

Ƙurar dawakinsu ba ta kwanta ba ya nufi gida. Ya tarar da randar Bara'atu cike, ruwan da ta sha wuyar jawowa tun asuba. Ya tuntsurar da ita a tsakar gida, kaji suka watse.

Bara'atu ta fito da gudu. "Innalillahi! Malam, lahiya? Kunama ta shiga?"

"Gwamnati ka biɗar randa."

"Gwamnati ta rasa randa dut ƙasag ga sai tawa?"

"Ke ba ki san ilmi ba. Musanyar tushe za ni yi. Kwana kaɗan ki ji ana kiranki matar Sarkin Waya."

"Ni dai a kira ni mai randa ya ishe ni. Uwata ta ba ni ita, in ta hwashe kai ka sani."

Ya ɗora randa a ka ya fita, ta bi shi da ido har ya sha kwana.

A gidan waya ya kwance kwalaben nan kaf, ya juye shuɗin ruwansu a randa, ya tattara jan ƙarfe da tutiya ya watsa ciki kamar mai haɗa miyar taushe. Ya tsoma waya biyu, ya ɗaura su a 'yar ƙararrawar da Akawu ke gwada wuta da ita, wadda in an taɓa ta a da sai ta cika ɗakin da kuka. Ya ja da baya ya toshe kunnuwa. Ƙararrawa ta ce ƙis, ta yi shiru. Ya girgiza randa. Ko ƙis ɗin ma ba ta sake ba.

Wani mai hankali a nan zai zauna ya yi salati ya fara mai da kaya inda ya same su. Tambari kuwa sai ya kaɗa kai ya ce, "Na gane. Tushen ya yi ƙarami, kuma ban sa linzami ba."

Su kuwa kwalabe, tunda aikinsu ya ƙare, me za a yi da su? Ya zuba su a mangala ya bi unguwa yana rabo kamar wanda ya ci gado. Bawa ya sami uku, ya ce za su yi wa yaji da ƙuli kyau. Mai man shanu ta samu, mai daddawa ta samu, wanzami ya karɓi ɗaya don ajiye aska. Inna Dije, tsohuwar da katangarta ke jingine da ta Tambari, wadda bakinta ya fi barkono, ta juya tata a hannu ta leƙa ciki da ido guda.

"Tambari, wanga abu na Nasara na. Da izninsu?"

"Inna, Nasara da ni ai duk guda na."

"To. Ni dai in dogari ya zaka, sunanka ad da sauƙin hwaɗi."

Yana wanke hannu a bakin kwata yana tunanin inda zai sami tushen da ya fi randa, sai ya lura da farcensa ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ɗaga hannun ya duba. Ya dubi gabas, inda marina take, inda hannun kowane marini yake shuɗi har gwiwa. Sai ya daka tsalle ya yi kabbara.

"Ashe baban rini na! Baba Nasara ka jiƙawa cikin kwalba suna ruɗin mutane! Ga mu da rijiyoyin wuta bakin ƙohwa tun kaka da kakanni, muna tsoma tsumma ciki!"

Ya tarar da Jinaidu a bakin babban raminsa yana motsa shi da doguwar sanda. Ramin nan ya nuna sosai, kumfa ta taso jawur-jawur a kan shuɗi, irin wanda marini ke jira mako da mako yana lallashi da toka. Turkudin wani Buzu da zannuwan mutane na jiƙe a ciki.

"Yaya, barka da aiki. Ramin ga nika son aro."

Jinaidu bai ɗago ba. "Aron rami? Ka kai shi ina?"

"Nan za shi zamna. Waya kaɗai za ni tsomawa, da ɗan ƙarhe kaɗan. Kai ba ka san dukiyar da kaka zaune bisa ba. Wanga rami shi kaɗai ya isa shi yi magana da Ikko."

"Tambari, ni na kai ka gidan waya, da bakina na ce kana da hankali, Allah shi gahwarta mini. Ramin ga ko tsinke kak ka jehwa. Baba ba shi son baƙo."

"Haba Yaya, ilmi na hwa."

"Ilmin ya ci ƙaniyatai. Tashi ka ba ni wuri."

Tambari ya tashi yana murmushi. A ransa ya ce haka manyan mutane ke shan wuya da danginsu, sai abu ya tabbata kowa ya zo yana cewa nawa ne.

Ranar Alhamis ya ɗauko naɗin waya na ajiya, ya ɗaura bakinsa a inda babbar wayar gari ke shiga gidan, ya fara ja yana bi lungu-lungu zuwa marina. Turaku kuwa babu, sai ya riƙa maƙalawa a kan katanga, da indararo, da reshen kurna, inda ba komai ya bar ta a ƙasa. Jakin wani mai itace ya harɗe ya kife da kaya, mai jakin ya bi Tambari da sanda har lungu biyu. Wani liman ya taho a kan alfadari waya ta tuɓe masa rawani, ya sauka yana neman wanda zai yi wa Allah ya isa. Kafin Tambari ya komo dubawa, matan wani gida sun shanya wanki a kai, Bawa ya rataya tsokar kilishi, Inna Dije kuwa ta ɗaure akuyarta.

"Inna! Wagga hanyar maganar Gwamna ta!"

"To shi yi magana mana, akuyata ba ta da tsegumi."

Daga nan ya je gidan wani mai doki ya aro linzami, na ƙarfe sosai, har da sauran yawun doki a jiki. Ya ba wani maroƙi kwalba biyu, ya ce gobe bayan Jumma'a ya zagaya ya shaida wa jama'a su taru a marina su ga abin da ya gagari Nasara.

Da dare Bara'atu ta ajiye masa tuwo ta zauna nesa. "Malam, an ce ka raba kayan Nasara. An ce kana jan waya cikin gari kamar mai kamun kihi. Don Allah ka maida komi kahin su komo. Ni ba ni son barin gidan ga."

Ya haɗiye loma ya ce, "Ki wanke zanenki na biki. Gobe mata za su zo yi miki barka."

Ranar Jumma'a, liman na sallamewa Tambari ya riga kowa fita, ko addu'a bai tsaya shafawa ba. Ya ruga gidan waya ya kinkimo randa da duk abin da ke cikinta, ya nufi marina yana tangaɗi, shuɗin ruwa na zuba masa a wuya. Marina ba kowa, duk suna masallaci. Ya tuɓe takalma, ya tattare riga, ya juye randar nan kaf a babban ramin Jinaidu, ruwa da jan ƙarfe da tutiya. Ramin ya yi wani irin gurnani. Kumfar nan mai kyau ta kwanta, ta tsattsage, wani kore-kore mai wari ya taso. Tambari ya ce, "Madalla, ta hwara tahwasa."

Ya ajiye linzamin doki a gefen rami, daidai yadda Akawu ya faɗa, ya ɗaure shi da guntuwar waya. Ya riƙe ƙararrawa a hagu, bakin doguwar waya a dama, ƙafafunsa tsirara cikin caɓi.

Jama'a suka fara isowa. Mahauta da wuƙaƙensu a ƙugu, majema, masu tallan goro, mata sun leƙo ta saman katanga, Bara'atu na cikinsu ta ja mayafi har hanci. Maroƙi ya buɗe maƙogwaro: "Tambari mai wuta ba hayaƙi! Tambari gagara Nasara! Na Bara'atu, rijiya ta yi magana!"

Tambari ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Jama'a, Nasara na da kwalba talatin da wani abu. Ni Tambari na musanya su da tushe guda, ga linzami a gehe. Yanzu ƙararrawag ga za ta yi kukan da za a ji Wurno. Mai raunin zuciya shi ja baya."

Ya tsoma waya a rami, ya manna wa ƙararrawa. Kowa ya riƙe numfashi. Wani ƙuda ya zo ya sauka a kan ƙararrawar, ya goge hannuwansa, ya tashi.

Bawa ya ce, "Ko ta tahi Jumma'a ba ta komo ba?"

Aka fashe da dariya. Tambari ya matsar da linzami kusa kaɗan. Shiru. Ya mai da shi ɗaya gefen. Shiru. Gumi ya fara tsattsafo masa ƙarƙashin dara. Sai ya ɗan karkata ya kaɗa hannun hagu a ɓoye, ƙararrawa ta ce ƙilin.

"Kun ji! Kun ji ta!"

Inna Dije ta ce daga kan katanga, "Mun ji, mun kuma gani. Hannunka na ka rawa, ɗan nan. In haka na, akuyata ma da ƙararrawa a wuya, a naɗa ta Sarkin Waya."

Ana cikin wannan sai ga Jinaidu ya ratso taro, carbi a hannu. Ya dubi raminsa. Bai yi ihu ba, sai ya durƙusa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, "Ka kashe shi. Tambari, ka kashe mini baba."

"Yaya, haƙuri kaɗan, yanzu..."

Abin da Tambari bai sani ba, tun da hantsi an gama ɗaura wayar da ta tsinke a hanyar Gusau. Akawun Gusau, can ɗaya bakin wayar, ya zauna ya fara kiran Sakkwato, ya saki wutar nasa kwalaben gaba ɗaya don ya ji ko hanya ta buɗe. Wuta ta taho ta iso gidan waya, ta sami sabuwar hanya, ta bi lungu, ta wuce wanki, ta wuce kilishi, ta zo ta tarar da mutum tsaye cikin caɓi ya damƙe ta da jiƙaƙƙen hannu.

Tambari ya yi wata ƙara wadda ba ta mutane ba. Ya yi sama, ƙafafunsa suka yi ta harbin iska, ya shuri randa ta daki bakin rami ta tarwatse. "Ta zaka! Wayyo Allah, ta zaka! Ku riƙe ta!" Bai rufe baki ba santsi ya kwashe shi, ya tafi da ka cikin ramin, tsulum. Ba abin da ya rage a sama sai jar dara tana yawo a kan kore.

Ramin baba ba wasa ba ne, ya fi tsayin mutum biyu. Marina suka zura sanduna, aka laluba, aka maƙalo shi ta wuyan riga aka jawo shi waje kamar tsohon zane. Ya zauna yana aman shuɗi. Daga gashin kai har tafin ƙafa ba inda ya tsira, idanu kaɗai ke fari. Maroƙi ya duba hagu ya duba dama, ya cusa kwalabensa a riga ya sulale.

Daidai nan taro ya dare biyu. Dogon Wuya ne a kan doki, Akawu Koli na biye da shi a ƙasa, riƙe da waya yana bin ta hannu-hannu tun daga gidan waya, kamar mai bin igiyar ɓataccen jaki. Akawu na hango Tambari ya ɗaga murya.

"Tambari! Ina kwalba? Ɗaki babu komi! Ina kwalba?"

Nan fa ka ga ikon Allah. Bawa ya tuna ya bar nama a wuta. Wanzami ya tuna ana jiransa wurin suna. Kan mai daddawa ya nutse bayan katanga.

Tambari ya share baki ya miƙe yana ɗiga. "Akawu, na yi yadda kac ce. Tushe guda, linzami a gehe."

Akawu ya dubi rami, ya dubi linzamin doki, ya ɗora hannu biyu a ka. "A kan allo! Na ce a kan allo! Lissafi ne, ba randa ba, ba rami ba!"

"To ai laihinka na, ba ka ce na doki ko na alhwadari ba. Amma wuta ta zaka, kowa shaida na. Tambayi jama'a in ba ta ɗaga ni ba."

Inna Dije ta ce, "Wanga kam gaskiya na. Ta ɗaga shi."

Dogon Wuya bai sauka ba. Ya miƙa bulalarsa ya tsamo darar daga rami, ya ɗaga ta tana zuba, ta koma kalar da ba ta da suna. Ya cire lambar ya sa aljihu, ya jefa wa Akawu hular. Hausar da ya iya ba ta da yawa, amma ta isa. Ya nuna Tambari ya ce, "Kai. Tafi. Ba aiki." Ya ce wa Akawu a bi gida-gida a karɓo kwalabe, ko da miya a ciki.

Jinaidu kuwa yana can yana jawo kayan mutane ɗaya bayan ɗaya. Turkudin Buzu ya fito dabbare-dabbare kamar bayan kwaɗo. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai wajen katanga. "Bara'atu."

Ta ce, "Ba sai ka hwaɗi ba, Yaya."

Tambari ya bi ta gida yana barin sawu shuɗi a hanya, yara na binsa da tafi. Ya tarar ta naɗe tabarma, ta jera ƙore a cikin babban kwando, tana ɗaure bakin tsumma.

"Ke Bara'atu, mi kika yi haka? Gobe-goben nan Nasara za su aiko a ba ni haƙuri. Sun ga abin da ba su taɓa gani ba, hassada ta."

Ta juyo ta dube shi. Ga mutum tsamo-tsamo, shuɗi kamar an rina shi don sayarwa, yana rawar sanyi yana cika baki. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa, don duk shirmensa ba ta taɓa ƙinsa ba. Ta sauke kwandon.

"Malam, na yi rantsuwa, amma rantsuwa na da kahhwara. In yi azumi ukku in zamna ɗakina. Abu guda nika so. Ka buɗe baki ka ce, Bara'atu na yi wauta. Ba kowa nan, daga ni sai kai sai Allah. Sau guda in ji da kunnena."

Tambari ya buɗe baki. Ya rufe. Ta jira shi, wallahi ta jira shi, har kaza ta zo ta tsattsagi kwandon ta wuce. Ya dubi ƙasa, ya murza yatsun ƙafa, ya ja numfashi.

Ya ce, "Ramin Yaya na bai da zurhi. Da an samu wanda yaf hi shi..."

Bara'atu ta ɗora kwando a ka, ta ɗauki tabarma, ta fita ba ta waiwaya ba.

Ya zauna a bakin ɗaki yana jiran ta huce ta komo. La'asar ta yi sanyi, rana ta faɗa, aka kira magariba. Hayaƙin tuwo ya tashi a kowane gida ban da nasa. Ya je murhu ya tona toka da yatsa, sanyi ƙalau. Jikinsa na karkarwa, ga yunwa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ɗauki wani tsingaro a bayan ɗaki, ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya lallaɓa ƙofar Inna Dije ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa ta fito ta ɗaga fitilar aci-balbal ta haska fuskarsa. "A'uzubillahi! Au, kai na. Mi kaka so?"

"Inna, ɗan garwashi."

"Wuta kaka biɗa? Kai?" Ta ƙara matso da fitilar. "Wace iri, ta waya ko ta kara?"

Ya miƙa mata tsingaron. Ta shiga ta ɗebo masa garwashi biyu jajaye ta zuba a tsingaron, ta ce ya yi sauri. Ya taho yana tafe yana karewa da hannu, ya durƙusa gaban murhu ya juye, ya tula itace a kai, manya-manya, ɗanye da busasshe. Ya hura, toka ta cika masa ido. Ya sake hurawa da ƙarfi, garwashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa inda ruwan rigarsa ya ɗiga, ya ce cuu. Ɗayan ya yi ja, ya yi ja kaɗan, ya dushe.

Shekarunsa nawa a gidan nan yana cin tuwo da zafinsa, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake haɗa wuta ba. Ya juya wajen ɗakin ya buɗe baki zai kira Bara'atu, sai ya tuna ba ta nan. Ya zauna a gaban murhun da tsingaro a hannu, yana jin Inna Dije ta bayan katanga tana ba jikokinta labari suna dariya.